Umarnin Sanda Jirge a Zaurukan Hira na Intanet: Ma'anarsa, Asalinsa da Ladubban Aiki da Shi

Daga cikin abubuwan da kan rikita mutumin da ya fara shiga zaurukan hira na intanet, musamman irin na tsohon tsarin nan da ake kira IRC, inda babu hoto, babu murya, sai rubutu tsantsa yana gangarowa layi bayan layi, akwai wata 'yar alama da ma'abuta wurin kan sa a gaban wasu kalmomi, watau sanda jirge (/), wadda da zarar an gabatar da ita sai abin da aka rubuta ya ɓuya daga idon jama'a, wani aiki kuma ya auku a madadinsa. Baƙo yakan ji an ce masa ya rubuta /join ya shiga wani zaure, ko ya rubuta /nick ya sauya suna, sai ya bi, ba tare da ya san wanda ya umarta ba, balle abin da zai biyo baya. Wasu suna ɗaukan abin a kan wani asiri na masu kutse cikin kwamfutocin mutane; wasu suna tsammani kalmomin nan hukuncinsu ɗaya ne a kowace manhaja; wasu kuwa, saboda yawan kyautata zato, duk abin da aka ce su rubuta sai su rubuta, har ya kai su ga nadama. Manufar wannan sharhi ita ce a warware wannan ruɗani, a nuna cewa al'amarin duka yana komawa ga mas'ala guda: sanin wanda mutum yake magana da shi a kowane layi da ya rubuta.

Ma'anar Kalmomi

IRC taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci uku, waɗanda ma'anarsu ita ce hira ta intanet da ake miƙawa daga na'ura zuwa na'ura har ta isa ga masu sauraro. Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, ita ce babbar kwamfutar da ke kunne dare da rana, tana karɓar saƙon kowa tana rarraba shi ga waɗanda aka nufa. Idan uwayen garke da yawa suka haɗu suna miƙa wa juna saƙo, har ya zamana wanda ya shiga ta ɗaya yana iya zantawa da wanda ya shiga ta wata, to, wannan haɗaka ita za mu kira gamayya; daga cikin sanannu akwai EFnet da Undernet da DALnet da OFTC da Libera Chat, kowace da dokokinta da masu tafiyar da ita.

Manhajar hira kuwa ita ce wadda ke kan kwamfutar mutum ko wayarsa, wadda ta cikinta yake rubutu yake karanta amsa, kamar mIRC da HexChat da Irssi da WeeChat. Zaure shi ne majalisar da jama'a ke taruwa a kan wani maudu'i, sunansa kuma galibi yana farawa da alamar nan (#) da masu wayar hannu ke kira hash. Laƙabi shi ne sunan da mutum ya zaɓa a san shi da shi, ba a kuwa yarda mutum biyu su riƙe laƙabi guda a gamayya ɗaya a lokaci ɗaya ba. Mai kula da zaure, wanda a bakin ma'abuta wurin ake ce masa op, shi ne wanda ke da ikon kora da hani da sauya dokoki, ana gane shi da alamar (@) a gaban laƙabinsa. Umarni, a isɗilahin wannan fanni, shi ne duk layin da ya fara da sanda jirge, kalmar aiki ta biyo bayanta ba tare da rata a tsakani ba, sa'an nan, idan da bukata, a kawo abin da aikin zai faɗa a kansa.

Asalin Al'amarin

An ƙirƙiri IRC a watan Agusta na shekarar 1988, a Jami'ar Oulu da ke arewacin ƙasar Finland, a hannun wani ɗalibi mai suna Jarkko Oikarinen, wanda ya so ya inganta hanyar hira a wata na'urar saƙonni ta jami'ar. A wancan zamani ba a ƙirƙiro shafukan yanar gizo irin waɗanda muka sani ba tukuna, akasarin masu shiga intanet kuma ɗalibai ne da malaman jami'o'i, suna zaune gaban allon da ba ya nuna komai sai haruffa, babu gunkin da za a latsa, babu jerin zaɓi da za a buɗe. Duk abin da mutum yake so na'ura ta yi, sai ya rubuta mata shi da kalma. Oikarinen ya ɗauki darasi daga wani tsarin hira da ya gabace shi, mai suna Bitnet Relay, inda can ma da sanda jirge ake gabatar da umarni, manhajar ircII kuma, wadda Michael Sandrof ya rubuta a shekarar 1989, ta tabbatar da wannan ta'ada har ta zama abin koyi ga duk manhajojin da suka zo daga baya.

Sunan IRC ya fita duniya a shekarar 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, da kuma lokacin yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet cikin watan Agusta na wannan shekara, sa'ad da mutane suka riƙa ba da labarin abin da suke gani kai tsaye a zauruka. A watan Mayu na 1993 aka wallafa ƙa'idojin tsarin a wata takarda mai lamba RFC 1459, wadda Oikarinen da Darren Reed suka rubuta, aka kuma sabunta su a shekarar 2000. A 1995 Khaled Mardam-Bey ya fitar da mIRC domin kwamfutocin Windows, ita ce kuwa ta kai IRC gidajen talakawan masu kwamfuta. Abin lura shi ne, duk da cewa mIRC ta zo da tagogi da gumakan latsawa, ba ta jefar da umarnin rubutu ba, domin jama'a sun riga sun saba da shi, kuma da yawa daga ayyuka sun fi sauri ta hanyarsa.

Dalilin Sanya Alamar

Malaman balaga sun kasa zance kashi biyu, habari da insha'i: habari shi ne wanda za a iya gaskatawa ko a ƙaryata, insha'i kuwa shi ne irin umarni da hani da tambaya da kira. Ɗan Adam yana rarrabe waɗannan ba tare da wahala ba, yana kuma gane wanda ake nufi da kowace magana ta hanyar murya da kallo da yanayin zama. Manhaja ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Gurbi ɗaya tak take da shi na rubutu, a cikinsa mutum zai gai da abokansa, a cikinsa kuma zai nemi a fitar da shi daga zaure. In ya rubuta kalmar fita, ba ta da hanyar sanin ko ita yake umarta, ko wani mahalarci yake kora, ko labari yake bayarwa. Saboda haka aka yi ittifaƙi a kan alama guda da ba a saba fara jumla da ita ba, aka ce duk layin da ta gabata na na'ura ne, duk wanda ba ta gabata ba na jama'a ne. Mai wayar hannu a Nijeriya ya riga ya san irin wannan hikima, domin idan ya danna *310# ya san ba wani mutum yake kira ba, kamfanin layinsa yake tambaya nawa ya rage masa, tauraron da ke farko da alamar da ke ƙarshe su ne suka raba wannan da lambar kira.

A nan akwai wata haƙiƙa da mutane da yawa ba su sani ba, ita ce sanda jirgen ba ta barin kwamfutar mai rubutu. A ƙaddara wani yana zaune a zaure mai suna #hausa. Idan ya rubuta /join #tarihi, manhajarsa za ta cire alamar, ta aika wa uwar garke JOIN #tarihi. Idan kuwa ya rubuta sallama kawai, ba alama, manhajar ba za ta aika da ita tsirara ba, sai ta naɗe ta cikin wani umarni, ta aika PRIVMSG #hausa :Salamu alaikum, watau a isar da wannan zance ga zauren. Ashe ke nan a wurin uwar garke komai umarni ne, har gaisuwa. Rarrabewa tsakanin hira da umarni yarjejeniya ce tsakanin mutum da manhajarsa kaɗai.

Rabe-raben Umarni

Ko da yake umarnan suna da yawa, waɗanda ake bukata yau da kullum ba su wuce a haddace su a zama ɗaya ba, ana kuma iya kasa su gida huɗu.

Kashi na farko na shiga ne da fita. Da /server ko /connect ake haɗuwa da uwar garke. Da /join ake shiga zaure, da /part ake barinsa, da /quit kuma ake yanke haɗin gaba ɗaya, ana iya ƙara 'yar kalmar ban kwana a bayansa wadda jama'a za su gani. Umarnin /list yana jero zaurukan da ke gamayyar, sai dai a manyan gamayyoyi jerin yakan kai dubbai. Wanda ya nemi shiga zauren da babu shi, to, da wannan nema ya ƙirƙire shi, shi ne kuma zai zama mai kula da shi, kuma idan ba a yi masa rajista ba, zauren yana gushewa da fitar mutum na ƙarshe.

Kashi na biyu ya shafi mutum kansa. Da /nick ake sauya laƙabi, da /away ake sanar da cewa an ɗan tashi, da /whois kuma ake duba bayanin wani, kamar zaurukan da yake ciki da adireshin da ya shigo ta kansa, wanda hakan ke nuna cewa kowa ma ana iya duba nasa, sai in gamayyar ta rufe masa shi. A ƙa'idar 1993 laƙabi ba ya wuce haruffa 9, amma gamayyoyin yau sun faɗaɗa. Sai dai akasarinsu ba su karɓar haruffa masu lanƙwasa, irin su ɓ da ɗ da ƙ, a cikin laƙabi, ko da yake suna wucewa lafiya a cikin hira.

Kashi na uku na zance ne. Da /msg ake aika wa mutum ɗaya saƙo a keɓe, da /query ake buɗe taga ta musamman domin doguwar zantawa da shi. Akwai kuma /me, wanda ya fi kowane shahara, da shi mutum ke ba da labarin kansa kamar wani ne ke faɗa: idan mai laƙabi Tanko ya rubuta /me ya tafi salla, jama'a za su ga layi ya fito da tauraro a gabansa yana cewa Tanko ya tafi salla. Kowane saƙo kuwa yana da iyaka, domin ƙa'ida ta kayyade layi a kan bayit 512, bayit kuwa shi ne ma'aunin gurbin da harafin boko na asali yake ci. Haruffan Hausa masu lanƙwasa da haruffan Larabci kowanne yana cin bayit biyu, saboda haka mai rubuta ajami ya fi saurin cika mudunsa.

Kashi na huɗu na hukunci ne, galibi ba ya zartuwa sai a hannun mai kula da zaure. Da /kick yake fitar da mai tada fitina, da /invite yake gayyata, da /topic yake sauya taken majalisa idan an kulle shi. Mafi faɗi a cikinsu shi ne /mode, wanda ake bi da harafi guda da alamar ƙari ko ta ragi: +o naɗa wani mai kula, +b haramta wa wani shiga, +i mai da zaure sai da gayyata, +k sanya masa kalmar sirri, +m hana kowa magana sai wanda aka ba izini da +v.

Wanda Ke Karɓar Umarni

Tushen yawancin ruɗani shi ne tsammanin cewa duk umarnan nan wuri ɗaya suke zuwa, alhali masu karɓarsu uku ne.

Na farko ita ce manhajar mutum kanta. Umarni irin /clear, mai share allo, da /ignore, mai ɓoye zancen wanda ba a son ji, a mafi yawan manhajoji ba su zuwa ko'ina. Wanda aka yi wa /ignore yana nan yana magana, kowa yana ganinsa, wanda ya yi ne kaɗai ya daina gani. Shi ma /me ba ya cikin umarnan da uwar garke ta sani, saƙo ne na yau da kullum da manhaja ke naɗewa cikin wata ɓoyayyiyar alama tare da kalmar ACTION, manhajar mai karɓa kuma ta gane ta nuna shi da siffarsa. Tun da kuwa kowace manhaja da mai rubuta ta, irin waɗannan umarnai suna saɓawa daga wannan zuwa waccan, abin da /help zai nuna a Irssi ba lalle ne ya zama shi ne na mIRC ba.

Na biyu ita ce uwar garke, wadda ke zartar da shiga da fita da kora da sauya laƙabi. Tana amsawa da lambobi masu adadi uku, waɗanda manhaja ke fassarawa: 433 na nufin wani ya riga ya riƙe laƙabin, 421 na nufin ba ta san umarnin ba, 474 na nufin an haramta wa mutum zauren, 482 kuma na nufin ya nemi yin abin da sai mai kula ne ke da ikonsa.

Na uku su ne ma'aikatan gamayya, waɗanda ba mutane ba ne, manhajoji ne da aka ba laƙabi suna zaune kamar sauran jama'a. Sanannu biyu su ne NickServ, mai tsare rajistar laƙabi, da ChanServ, mai tsare rajistar zaure. Ana yi musu magana ta /msg kamar yadda ake yi wa kowa, alal misali /msg NickServ IDENTIFY sa'an nan kalmar sirri, domin mutum ya tabbatar da cewa laƙabin nasa ne. Ba kowace gamayya ke da su ba, waɗanda ke da su ma kalmominsu ba su zama ɗaya ba.

Inda Ake Yin Tuntuɓe

Mafi yawan kuskure, kuma mafi muni, ƙarami ne ƙwarai a ido. Mutum ya nufi NickServ da kalmar sirrinsa, sai yatsansa ya taɓa maɓallin rata kafin sanda jirge, ko ya manta da ita ɗungum. Tun da harafin farko bai zama alamar ba, manhaja za ta ɗauki layin a kan hira, ta zuba shi a tsakiyar zaure, laƙabi da kalmar sirri a fili, gaban ɗaruruwan mutane, da yawa daga cikinsu kuma manhajarsu tana adana duk abin da ya gilma. IRC ba shi da hanyar goge saƙo a asalin ƙa'idarsa. Magana zarar bunu ce, ba abin da ya rage sai a gaggauta sauya kalmar sirrin, a can da duk wani wurin da aka yi amfani da irinta. Saboda haka masana ke ba da shawara a riƙa rubuta irin wannan umarni a tagar uwar garke, inda kuskure ba zai faɗa kan jama'a ba, ko kuma, wanda ya fi, a saita manhaja ta tabbatar da mutum da kanta tun lokacin haɗuwa, ta hanyar da ake kira SASL. Haka nan ya kyautu a shiga ta ƙofa mai lamba 6697, wadda ke ɓoye rubutu a kan hanya, maimakon tsohuwar ƙofa 6667 inda komai ke tafiya a buɗe.

Tuntuɓe na biyu daga mutane yake zuwa. Tsofaffin 'yan zaure sun daɗe suna zolayar baƙi, su ce musu su shiga zauren #2,000 su ga abin mamaki. Da yake waƙafi a cikin wannan umarni yana raba sunayen zauruka, sifili kuma a ƙa'idar tsarin yana nufin a fita daga dukkan zauruka, a gamayyoyi da dama wanda ya bi sai ya tsinci kansa a waje. Wannan wasa ne, illarsa kunya kawai. Amma akwai wanda ya wuce wasa, domin manhaja irin mIRC tana da harshen shirya umarni mai ƙarfi, wanda ke iya rubuta fayil a kwamfuta ya kuma tafiyar da shi, an kuma sha yaɗa ɓarna ta hanyar ba mutum wani dogon layi mai fara da sanda jirge biyu, a ce masa zai ba shi ikon kula da zaure ko ya kare shi daga masu damunsa. Abin da ke ƙara ruɗani shi ne, sanda jirge biyu a WeeChat da HexChat hanya ce kawai ta aika rubutun da ya fara da alamar ba tare da an ɗauke shi umarni ba, a mIRC kuwa tana nufin a warware abin da ke cikin layin a zartar da shi. Ƙa'ida a nan ita ce kada mutum ya rubuta umarnin da bai fahimta ba, ko daga wa ya fito, sai ya bincika shi da /help ko a littafin manhajarsa.

Saɓanin Ra'ayi

Ma'abuta wannan fanni sun yi saɓani a kan ko ya kamata wannan hanya ta ɗore. Masu goyon bayanta suna kafa hujja da cewa ta fi sauri ga wanda ya ƙware, tun da hannunsa ba ya barin maɓallai. Tana aiki a kan tsohuwar kwamfuta da raunannen layin intanet, domin rubutu ba ya cin data kamar hoto. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo suna samun sauƙinta. Kuma, da yake ƙa'idojinta a buɗe suke, ba wani kamfani da ke riƙe da ragamar jama'a. Suna misali da abin da ya auku a watan Mayu na 2021, lokacin da rikicin mallaka ya tashi a gamayyar Freenode, masu aikin sa kai da yawa suka yi murabus suka kafa Libera Chat, ƙungiyoyi irin su Ubuntu da Wikimedia suka ƙaura can, kowane mahalarci kuwa abin da ƙaurar ta nema daga gare shi bai wuce sauya adireshi da sabuwar rajistar laƙabi ba.

Masu suka kuwa suna cewa umarni abu ne da sai an haddace, allo ba ya nuna wa baƙo abin da zai iya yi, don haka wanda ba shi da mai koya masa yakan juya tun daga ƙofa. Kalmomin duka na Turanci ne, wanda hakan ƙarin nauyi ne ga wanda ba harshensa ba. Kuskure ɗaya yana tona asiri a bainar jama'a. Ga kuma cewa wanda ya fita ba ya samun abin da aka tattauna a bayansa, sai in ya tanadi wata manhaja ta zauna masa. A ganinsu waɗannan na daga cikin sabubban da suka sa jama'a suka ragu a IRC tun daga farkon shekarun 2000, suka koma ga kafofi masu sauƙin shiga.

Idan aka auna hujjojin biyu da adalci, za a ga kowane ɓangare yana magana ne a kan mutum daban: na farko a kan gwani, na biyu a kan mai koyo. Shi ya sa aka sami ra'ayi na tsakiya, wanda ya riƙe umarnin ya kuma rage nauyin hadda, ta yadda da mutum ya danna sanda jirge sai jerin umarnai ya bayyana da bayanin kowanne. Game da matsalar harshe ma akwai sassauci tun da daɗewa, domin manhajoji da yawa suna da /alias, wanda da shi mutum ke raɗa wa umarni sabon suna, har Bahaushe yana iya mai da /join ya koma /shiga a tasa kwamfutar, uwar garke kuma ba za ta ga bambanci ba.

Abin da Ake Tsammani Nan Gaba

Ko da yake IRC ya koma mafakar masu rubuta manhaja da 'yan ƙungiyoyin ilmi, ta'adarsa ta bazu fiye da shi. Manhajar Slack, wadda ta fito daga wani tsarin hira da masu ita suka gina wa kansu a kan IRC, ta gaji sanda jirge. Discord, da aka buɗe a 2015, ya mai da ita babbar hanyar umartar manhajojin da ke zaune a zaurukansa. Masu Telegram kuwa, waɗanda Hausawa da yawa ke cikinsu, sun san /start da /help da ake rubuta wa bot, watau manhajar da ke amsa saƙo kamar mutum. Har alamar hash da aka fara sa wa maudu'i a Twitter, wadda Chris Messina ya ba da shawararta a watan Agusta na 2007, daga sunayen zaurukan IRC aka aro ta.

Sai dai kamancin siffa ba ya wajabta kamancin hukunci. A IRC umarni yana ɓuya daga jama'a, amma a rukunin Telegram layin da ya fara da sanda jirge saƙo ne kamar kowane, kowa yana ganinsa, bot ɗin da ke karɓarsa kuma mallakin wani mutum ne da zai iya karanta duk abin da aka aika masa. Wanda ya ɗauko al'adar wani wuri ya kai wani ba tare da bincike ba, yana iya miƙa sirrinsa ga wanda bai sani ba. Ana kuma sa ran wannan haɗari zai ƙaru, tun da ayyuka da yawa na ofis da ciniki da karatu suna komawa cikin gurbin hira, inda layi ɗaya zai iya zama gaisuwa ko ya zama izini na aikata abin da ba a iya mayarwa.

Kammalawa

Umarnin sanda jirge dabara ce da larura ta haifar a zamanin da allo ba ya nuna komai sai haruffa, ta kuma wanzu saboda fa'idarta ta rinjayi wahalar koyonta ga waɗanda suka jure. Mai shiga wannan fage yana bukatar abu uku: ya haddace 'yan umarnan shiga da fita da zance, ya bar sauran har bukata ta taso, ya duba harafin farko na kowane layi mai ɗauke da sirri kafin ya aika, sa'an nan, duk lokacin da aka ba shi wani sabon umarni, ko a IRC ko a wata kafa da ta gaje shi, ya fara tantance ko manhajarsa ce za ta zartar, ko uwar garke, ko wata manhaja ta wani mutum dabam, ya kuma san abin da za ta aikata da shi, kafin ya danna maɓallin aikawa.